Koren da Ba Wanda Ya Danna

Hyderabad, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Giri anna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da duk mutanen gida. Yaya ƙafar tsohuwa da ka ce tana damunta da sanyi? Ni nan lafiyata lau, aiki ne kawai.

Kada ka yi wa rubutun hannuna dariya. Rabona da riƙe biro tun jarrabawar ƙarshe a kwaleji. Wayarka a kashe take tun ranar da ka tafi, saƙonnin da na tura duk suna nan ba su shiga ba. Da kwamfutarka ta ofis ta dawo cikin kwali, sai na roƙi maigadi ya bar ni na kwafi adireshin da ke jikin kwalin. Ta haka na san ƙauye ka koma. Shekara uku kujerata tana gefen taka, kai ka koya mini rubuta manhajar da ba za ta ba ni kunya ba, kai ka hana ni kiranka oga ka ce in ce anna, wato yaya, kamar ƙannenka, amma a jikin kwali zan ji labarinka? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba.

Ofis yana nan yadda ka bar shi. Kowace safiya muna yin tsayuwar nan a gaban allo, kowa ya amsa tambayoyi ukun da aka saba: jiya me ka yi, yau me za ka yi, me ya tare maka hanya. Kowa ya ce babu abin da ya tare shi, a watse. Ranar Litinin shugaban rukuninmu ya sanar cewa ka ajiye aiki saboda dalilai na kanka, ya zarce maganar gaba ko numfashi bai ja ba. Ka san Sirisha mai gwada mana aiki ba ta iya haɗiye magana ba. Ta ce, "Mutum ne fa ya tafi, ba firinta aka canza ba."

Tun ranar nake juya abin a raina, ko mun yi maka wani laifi. Na fi tuna matakalar baya. Lokacin da kamfani ya saya mana waccan manhaja ta kwantar da hankali, mai hoton itace da muryar mace tana cewa a ja numfashi, ka kunna ta a gabanmu ka ce, "Baiwar Allah, tun da aka haife ni nake jan numfashin nan, faɗa mini wani abin." Da la'asar ka tasa mu gaba zuwa matakalar da ke sauka wurin Pasha bhai mai shayi. Ka ce za mu riƙa yin tsayuwa ta biyu, amma tambaya ɗaya tak, ta ukun, kuma duk wanda ya ambaci aiki ya koma sama. A wurin na fara faɗa da bakina cewa tun da na baro garinmu Nizamabad ban saba da garin nan ba, ɗakin hayata ko taga mai kyau ba shi da ita, ran Lahadi nakan wuni ban yi magana da kowa ba. Ba ka ba ni shawara ba. Ka ce, "To, ci gaba," ka miƙo mini rabin shayinka.

Na san ba ka so abin da na yi daga baya ba. Da kamfani ya raba mana ranakun zuwa ofis, wasu Litinin wasu Alhamis, matakala ta fara raguwa, ni kuma na ji tsoron ta mutu. Shi ya sa na zauna ƙarshen mako na rubuta 'yar manhajar nan. Da la'asar ta yi wa kowa tambayarka a waya, mutum ya danna kore in lafiya, rawaya in da dama-dama, ja in abin ya yi tsanani, jan kuma ya buga wayar kowa. Ka kalle ta ka ce, "Injiniya, ka mayar da shan shayi lissafi." Amma ai ka sa ta a wayarka.

To abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na duba layinka, anna. Kore ne daga farko har ranar da ka tafi, ko rawaya ɗaya babu. In wani abu na damunka, me ya hana ka danna? In kuma babu, me ya kore ka?

Ba dogon bayani nake nema ba. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san kana nan kuma ba fushi kake da ni ba. Ka gaishe da tsohuwa, ka ce yaron nan da ya cinye mata yajin mangwaron da ta aiko maka ne.

Ƙaninka,
Azmat Baig

Hyderabad, 21 ga Nuwamba

Giri anna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mahaifiyarka. An fara tsintar auduga a wajenku? Ni lafiya lau, sai dai shirunka.

Na je gidan waya na tambaya ko takarda tana ɓata tsakanin nan da Jangaon, babban garin da ke kusa da ƙauyenku. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau ya ce takarda ba ta ɓata, mutane ne ba sa amsawa. Na fito ina jin haushinsa, don na san gaskiya ya faɗa.

Bari in ba ka labarin da ya kamata ya faranta mini rai. Matar ofishin kula da ma'aikata ta ga manhajata, ta yi ta yabo, yanzu an ba duk benayen kamfani. An kira ni gaban jama'a an ba ni takardar yabo cikin gilashi, aka tafa. Ta nuna babban allo ta ce tara cikin goma na ma'aikatanmu kore suke, wanda ba a taɓa gani ba. Na tsaya riƙe da gilashin ina neman fuskarka cikin mutane, ko ka ɗaga gira yadda ka saba. Yanzu yana ƙarƙashin gadona, don bangon ɗakin ba ya riƙe ƙusa.

Sirisha ba ta tafa ba. Ta tare ni a bakin lifta ta ce, "Malam mai lambar yabo, zo ka ji. Makon jiya na danna rawaya. Ka san me na samu? Hoton zuciya guda biyar da hoton fure. Biyu daga cikin masu turowar suna zaune a bayana, ko kujera ba su juyo ba." Na ce mata ai sun nuna kulawa, kuma alƙaluma ba sa ƙarya. Ta ce, "Kai da alƙalumanka ku je ku sha shayi tare. Da a matakala ne, anna zai kalle ni sau ɗaya ya ce ƙarya nake, rawayar nan ja ce." Na bar wajen a fusace. Har yanzu ban tambaye ta abin da ya same ta ba, kuma kullum sai na yi niyya.

Shekaranjiya na sauka matakalar ni kaɗai. An jibge karyayyun kujerun ofis a inda muke tsayawa. Pasha bhai yana hango ni ya ɗauko ƙananan kofuna biyu, ya ce, "Ɗaya a raba biyu, ko?" Sai ya leƙa bayana ya ga ba kowa. Ya mayar da kofi ɗaya, ya cika mini ɗayan har baki. Ban taɓa sanin cikakken kofin shayinsa ya yi wa mutum ɗaya yawa ba. Na sha rabi na ajiye.

Za ka yi dariya, amma ran Lahadi na buɗe manhajar mai hoton itace. Na rubuta mata cewa abokina ya tafi bai yi mini sallama ba. Ta ce ta ji ba daɗi, ta tambaye ni ko ina son sauraron ƙarar ruwan sama. Na saurara kuwa, har ƙarshe. Ban ce ba ta da amfani ba, na ɗan yi barci. Amma da na farka ba ta san ko wane ne kai ba, sai na sake yi mata bayani daga farko, na gaji na kashe. Tawa manhajar ma in ta yi ƙara da la'asar kife wayar nake yi, don tambayar da muryarka nake jin ta.

Anna, in ka yanke shawarar ba ka son ganin kowa daga garin nan, ka faɗa, zan daina damunka. Amma wannan shirun ba adalci ba ne. Kai ka koya mana cewa mutum ya buɗe baki, ka sa ni na faɗi abin da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba, sannan ka tattara ka tafi da shi. Sai yanzu nake lura cewa duk lokacin da zagaye ya zo kanka a matakala, sai ka duba agogo ka ce shayi ya ƙare, a koma sama. Mu kuma muka riƙa komawa.

Ina jiran amsarka. Gaisuwa ga tsohuwa.

Ƙaninka,
Azmat

Hyderabad, 3 ga Disamba

Giri anna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyarka, da fatan jikinku lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Jiya da safe saƙo ya shigo wayata daga manhajata. Matar ofishin ma'aikata ta sa an ƙara mata taya murna bayan ƙarshen kowane wata. Saƙon ya ce, "Barka Azmat, wata guda cur kana kore, ci gaba da haka." Anna, tun ranar da ka tafi ban danna komai ba. Ko sau ɗaya.

Na buɗe rubutun manhajar ina bi layi-layi, ban yi nisa ba na same shi. Ranar da nake rubuta ta, duk sa'ad da wani bai amsa ba sai gurbinsa ya zauna fanko, zanen da ke nuna launuka kuma ya lalace. Ka san yadda muke yi, gurbi ba ya zama fanko, dole a cusa masa wani abu kafin a wuce. Sai na ce in mutum bai amsa ba har awa ta wuce, a sa masa kore. Har na rubuta wa kaina a gefe cewa na wucin gadi ne, a gyara daga baya. Irin wannan alkawarin mun rubuta shi sau nawa, ni da kai? Ranar ban ga komai a ciki ba. A tunanina wanda ke cikin damuwa ai zai danna, wanda bai danna ba yana can yana harkarsa.

Sai na duba naka, ba launin da ke allo ba, ainihin ranar da yatsanka ya taɓa wayar. Rabonka da dannawa tun watan Agusta, makon da ka dawo daga jana'izar mahaifinka. Daga nan har ka tafi, duk koren nan ni na zuba maka shi. Na tuna ranar da ka dawo da kanka a aske irin na makoki a al'adarku, muka yi maka ta'aziyya a tsaitsaye, da la'asar na duba allo na ga kore, har na ce wa Sirisha, "Anna namiji ne, ya dake." Ina tuna wannan na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba.

Na je wurin matar ofishin ma'aikata na yi mata bayani. Ta saurare ni da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, har fuskarta ta canza. Amma ta ce manyanmu na ƙasar waje za su zo makon gobe, an riga an sa allon cikin abin da za a nuna musu, in bari sai bayan sabuwar shekara. Na ce to. Na koma kujerata na canza layin, wanda bai amsa ba ya fito ruwan toka. Na kai wa Sirisha ta gwada. Ta karanta, ta dube ni, na shirya shan zagi. Sai kawai ta ce, "Tura." Da la'asar fiye da rabin allon ya koma toka. Mutane suka riƙa tsayawa a gabansa suna neman sunayensu, ba mai kallon na kusa da shi. An kira ni sama gobe da safe, ban san me za a ce ba, kuma ba shi ne a gabana ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Ƙa'idarmu ce ba a sakin aiki sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Na nemi wanda ya duba wannan, na ga sunanka. Kai da ka taɓa dawo mini da aiki saboda na bar tazara biyu a inda ake barin ɗaya, yaya aka yi wannan layin ya wuce ta gabanka?

Na daina jiran gidan waya. Ran Asabar zan hau motar safe zuwa Jangaon, daga can in nemi ƙauyenku. In ka ga dama ka kore ni daga bakin ƙofa, amma sai na gan ka da idona.

Ƙaninka,
Azmat

Hyderabad, 11 ga Disamba

Giri anna,

Gaisuwa da godiya mai yawa, gare ka da mahaifiyarka. Na iso lafiya. Ka ce mata gurasar dawar da ta ƙulle mini ta kai ni har Talata. Yaya barcin? Kana shan maganin a kan lokaci? Kada ka fasa komawa wurin likitan da ke duba ka ranar da ya ce, ko da mijin ƙanwarka bai samu zuwa raka ka ba.

Ka ce karatu yana yi maka wuya yanzu, haruffa suna yawo, don haka na ƙara girman rubutun. Ka karanta a hankali, ba sauri.

Akwai abin da ba ka sani ba, don kana gona lokacin da na iso. Tsohuwa na zaune a bakin ƙofa tana tsince barkono. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai takardun? Ɗana, ka rame fiye da shi. A can birnin ba a ba ku abinci ne, ko kwamfutar kuke ci?" Ta zaunar da ni ta ba ni labarin ranar da ka dawo, da jaka ɗaya, ka ce mata ka zauna gaban allo da safe ka kasa karanta abin da kai ka rubuta jiya. Ta ce kwana da kwanaki ba ka ce uffan ba. Na tambaye ta me ta yi. Ta ce, "Me zan yi? Na zauna. In ya koma inuwa in ja tabarmata in bi shi. Har ya gaji ya ce, kin dame ni. Na ce yawwa, ashe bakin na nan." Ta yi dariya, sannan ta goge ido da gefen zaninta.

Da na hango ka tafe da ɓaunar da kuke kiwo a gida a bayanka, na shirya jawabi tun daga mota, duk ya gudu. Kai kuma ka ce, "Injiniya, da wannan takalmin ka zo ƙauye?" Wallahi na ji daɗin tsokanar fiye da in ka rungume ni.

Maganar da muka yi a bakin rijiya ita nake ta maimaitawa. Na tambaye ka game da layin manhajar, ka ce, "Na gan shi mana. Har na ɗora yatsa zan rubuta maka ka gyara. Sai na ce, ashe ga wurin da mutum zai yi shiru ba a dame shi ba. Na sa hannu." Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci, na ɗauka ka rage mini kaya. Sai ka ci gaba. Ka ce kullum da yamma kana ganin koren ya fito da kansa, sai ka ɗaga kai ka dube mu, ko wani zai ƙaryata shi. Ka ce, "Layin bai ba ni haushi ba, tammudu, ƙanena, kowa na yin kuskure. Kai ne. In ka yi miƙa hannunka har taɓa kafaɗata yake yi, amma in kana son sanin yadda nake, sai ka duba allo." Gaskiya ka faɗa, kuma ta yi mini ciwo.

Na kuma ji abin da ka ce game da matakala, cewa kai ma ɓuya ka yi a cikinta, mai tambaya ba a tambayarsa. Ban yarda duka ba. Mu shida ne a wurin, da baki da ido. Ko ɗayanmu bai taɓa riƙe maka hannun riga ya ce shayi ya ƙare amma ba inda za ka ba.

Na fahimta ba za ka dawo ba, ba yanzu ba, wataƙila har abada. Na yi ƙoƙarin in nuna ban damu ba, ban sani ba ko na iya. A ofis an ja mini kunne an bar ni, an kuma cire allon daga abin da za a nuna wa baƙi. An ba wani sabon ma'aikaci kujerarka, mutumin kirki ne, yana sa abin sauraro a kunne tun safe har yamma. Ran Litinin na je teburin Sirisha na ja kujera na zauna, na tambaye ta rawayar nan. Ta ce, "Sai yanzu? Ai ta tsufa." Amma ta faɗa mini. Ba zan rubuta ba, nata ne.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Da ka raka ni bakin titi, mota ta taho, ka riƙe jakata ka ƙi saki, ka ce, "Kai fa? Wa ke tambayarka a can?" Na ce lafiya lau nake, anna, kada ka damu. Kwandasta yana buga jikin mota, na karɓi jakar na shiga. Ta taga na ga ka tsaya kana girgiza kai. Kafin mu kai Jangaon na gane abin da na yi. Na yi tafiyar rabin yini don in ji gaskiyarka, ka ba ni ita duka, da ka nemi tawa kuma na ba ka abin da ake ba shugaba a tsayuwar safe.

Ba lafiya nake ba. Na rubuta maka lafiya lau a takardun baya don haka ake fara takarda. Abincin da na ci a gidanku shi ne na farko da na ci tare da mutane tun da ka tafi. Da safe nakan daɗe zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ina neman dalilin sa ɗayan. Mahaifiyata in ta kira sai in ce ina cikin taro, don na san daga muryata za ta gane. Wani lokaci a cikin motar ofis hawaye ke zubo mini ba tare da na tuna komai ba, in juya fuska wajen taga. Abin ya fara tun kafin ka tafi, tafiyarka ta ƙara shi ne kawai. Sirisha ta ba ni sunan wata likita, na karɓi rana, kuma ina jin tsoron zuwa.

Ga shi na faɗa, amma a takarda, kuma na san takarda ma wurin ɓuya ce, ba mai ganin fuskata. Ina so in faɗa da baki, a gaban mutum, in ga ko zan iya kaiwa ƙarshe. Na san kai ma da kyar kake ɗauke da naka, ba na neman ka ɗauki nawa. Ka zauna kawai.

Zan sake hawo motar safe ran Asabar. Na san halina, ina sauka za ka tambaye ni, ni kuma zan yi murmushi in ce lafiya lau. Don Allah, anna, kada ka yarda. Ka sake tambayata.

Ka gaishe da tsohuwa, ka ce mata wannan karon da takalmin gona zan zo.

Ƙaninka,
Azmat